Abin da Na Faɗa wa Abul

Sadiku, ranar da muka yi sa-in-sa a kan maganar babur, ka faɗi wata magana da ka ɗauka ban ji ba. Ka juya baya ka ce wa ƙanwarka, ai Baba an san shi, har a Katar an shaida ba shi da tausayi. Na ji. Kunnena bai mutu ba tukuna. Ban tanka maka ba saboda na san ba kai ka ƙirƙiro ta ba, a bakin manya ka tsince ta, kuma na san bakin da ta fara fitowa. To ga shi zan rubuta muku yadda abin ya faru, kai da Rukayya, da ƙananan in sun yi hankali. Ni ba ɗan boko ba ne, firamare ma ban ƙarasa ba, don haka kada ku nemi ado a maganata. Wanda ya ga dama ya yarda.

A shekarar korona muna zaune a Najma, tsohuwar unguwa ce a tsakiyar Doha inda irinmu ke cunkushewa. Ɗaki ɗaya, gadajen ƙarfe masu hawa biyu, tukunyar shinkafa a ƙarƙashin gado, takalma jibge a bakin ƙofa kamar na masallacin kasuwa. Aikinmu dashe da ban ruwa. Kamfanin yana da gonar rainon itatuwa a Umm Salal, daga can ake kwaso su mu dasa a bakin tituna, don baƙin gasar ƙwallon duniya su zo su ga kore a cikin rairayi. Babban ɗakin, kuma shugabanmu a wurin aiki, shi ne Alhaji Mamuda da kuka sani, mijin gwaggon babarku. Shi ya yi min hanyar zuwa ƙasar, kuma bai taɓa bari na manta ba. Akwai Issaka, ɗan zangon Kumasi, wanda ko gawa ya gani sai ya nemo abin dariya a jikinta. Sauran Hausawa ne 'yan'uwanmu. Baƙon cikinmu ɗaya ne, Abul.

Abul mutumin Bangladesh ne, dattijo siriri mai gemu ja da lalle. Gadonsa ne a ƙasan nawa. Ba na jin yarensa, ba ya jin nawa, da guntun Larabcin titi da hannu muke magana, amma mun fahimci juna fiye da yadda na fahimci wasu da muka sha nono ɗaya. Yana kirana bai, wato ɗan'uwa. Garinsu a bakin teku yake, kuma yadda ya kwatanta min, ruwan ya fi gonakinsu tudu, wata doguwar ganuwar laka ce kawai ta tare shi. Ni da babban ruwan da na sani ina yaro shi ne kududdufin bayan gari, na daɗe ban gane yadda mutum zai kwanta barci teku na samansa ba. Yana da mata, Rahima, da 'ya budurwa, da ɗan tafkin kifi, da saniya guda da ya saya da gumin Katar. Hoton saniyar nan ya fi na kowa yawa a wayarsa.

"Abul, tsakani da Allah wacce ce uwargidan?" in ji Issaka. "Mai ƙaho ko mai ɗankwali?"

"Wannan madara take ba ni," in ji Abul, yana nuna saniyar. "Waccan surutu."

Amma kullum aka sha ruwa, mai surutun yake kira, ba mai madarar ba.

Azumi ya same mu a kulle. An samu masu cutar a benenmu, aka ce ba shiga ba fita, masallatai a rufe, jirage a tsaye. Muna cikin goman ƙarshe Abul ya leƙo saman gadona ya miƙo min waya. Na ga teku daga sama, da wani farin abu kamar faifai yana juyawa a kansa. Ya ce guguwa ce, kuma garinsu ta nufa. Ya ce sun saba da ita, duk wanda aka haifa a can ya san ta, amma wannan ta zo da wuri, da ƙarfin da ba a saba gani ba tun damina ba ta zauna ba. Ganuwar da aka saba yi wa gyara kafin ruwa, a bana korona ta hana mutane taruwa su yi. Akwai makarantar siminti mai bene da ake gudu a fake a ciki, amma mutane na tsoron cunkoso saboda cutar. Ga ruwa a baya, ga annoba a gaba. Da rana tsaka na ji shi yana ɗaga murya a waya, abin da ban taɓa ji ba, yana maimaita wata kalma. Ana cikin haka maganar ta yanke. Ya sake kira, shiru. Ya sake, shiru.

Daga nan ba wanda ya ƙara jin duriyar garin. Abul ya bar kwanciya, ya koma zaman bakin gado da waya a cinya, igiyar caji a maƙale. In an sha ruwa ya ci dabino ɗaya ya ture kwanon. A labarai muna ganin turakun lantarki a kwance, kwale-kwale a kan rufin gida, mutane cikin ruwa har ƙirji da yara a wuya. Duk hoton da aka nuna sai ya matso da ido, ko zai ga wata bishiya da ya sani. Issaka ma ya daina wasa.

Ana gab da Sallah, da hantsi, wayar Alhaji ta yi ƙara. Shafik ne, ɗan ƙanen Abul da ke aiki a wani kanti a Bin Omran. Wani mutumin garin ya taka da ƙafa har kan ganuwa, inda waya ke kamawa, ya kira shi. Yaron ya kasa kiran baffansa, ya kira babban ɗaki, kamar yadda ya kamata. Alhaji ya gama sauraro, ya yafito mu da ido, muka fita ɗaya bayan ɗaya muka tsaya a kan matakala.

"Matar Abul ta rasu," in ji shi. "Ruwa ya ci ta, da safiyar nan aka tsinci gawar. 'Yar tana nan da rai. Kowa ya kama bakinsa."

Muka yi salati. Na ce, "Yaushe za a faɗa masa?"

"Bayan Sallah. Mutum na azumi, ga hawan jini, ga shi ba jirgi balle ya tafi. Yau a ce masa an ji labari tana asibiti. Gobe a ce jikin ya yi tsanani. In an sauko daga idi ya ci ya ƙoshi, mu zaunar da shi."

"Jana'izar fa?"

"Wai maƙabartarsu na ƙarƙashin ruwa, suna jiran shi ya faɗi inda za a sa ta. Wai da la'asar ɗinsu mutumin zai sake hawa ganuwa da waya ya nuna masa fuskarta. Shirme. Na ce wa yaron in sun kira ya ce su binne kawai. Gawa ba ta jiran waya."

"Alhaji, matarsa ce fa."

"Na ce ba matarsa ba ce? Haladu, kai yaushe ka fara sanin ya kamata? Haka muka taso muka ga iyayenmu na yi. Ba a jefa wa mutum mutuwa kamar dutse."

"Gaskiya ne, maigida," in ji Issaka. "Ko a zangonmu haka ake yi. Ni da babana ya rasu sai da suka yi mako suna ce min ƙafarsa ce ta kumbura."

Alhaji bai yi ƙarya ba. Haka ake yi a wurinmu, kuma masu yi ba mugunta ke sa su ba, kara ce da tausayi. Amma ni an taɓa yi min wannan tausayin, na san ɗanɗanonsa. Kafin a haife ku ina gadi a Fatakwal aka aiko min cewa jikin Inna ya ɗan motsa, in na samu sarari in leƙo. Ɗan motsa. Sai na tsaya na ƙarasa wata, na shiga kasuwa na zaɓo mata atamfa mai ruwan ganye irin wadda take so, na sayi zuma, na hau mota ina ta tsara tsiyar da zan yi mata in ce tsohuwa ta cika raki. Na shawo kwanar layinmu na ga tabarmi a shimfiɗe a ƙofar gida. Ashe ranar da aka aiko min tana kwance tana kiran sunana, ranar da na hau mota kuwa ta kwana uku a ƙasa. Na tsaya a gaban jama'a da atamfa a hammata kamar wawa. Kowa a wurin ya sani, ni kaɗai ne ban sani ba, kuma uwata ce. Har yau ban ga wanda ya zo ya ce min yi haƙuri da abin da muka ɓoye maka ba. Cewa suke sun kyauta min.

La'asar ɗin su Abul ita ce kusan azahar ɗinmu, don rana na riga faɗuwa a can. Na koma ɗaki na hau gadona na kwanta ina kallon silin. Ina jin motsinsa a ƙasana, yana danna waya, yana ajiyewa, yana sake ɗauka. Alhaji ya shigo ya dafa kafaɗarsa ya ce masa, mafi mushkila, wato ba matsala, Abul, an ji labari, asibiti, asibiti. Na ji Abul yana ta alhamdulillahi don murna. Wannan godiyar ce ta sauko da ni. Na zauna a ƙasa a gabansa, na kama gwiwoyinsa biyu, na haɗa 'yan kalmomin da muke da su ni da shi.

"Abul, ba asibiti. Rahima ta mutu. Ruwa. Khalas."

Ya dube ni kamar bai san ni ba. Ya ambaci sunan 'yarsa.

"Tana nan. Lafiya lau."

Ya miƙe tsaye, ban san ina zai je ba, shi ma bai sani ba. Ƙafafun suka ƙi, ya tafi gaba ɗaya, goshinsa ya daki ƙarfen gado. Jini ya wanke masa fuska har cikin gemu. Wannan shi ne abin da aka kawo muku labari, kuma ya faru, ban musa ba. Alhaji ya yi kaina kamar zai dake ni.

"Ka kashe shi! Ka huta, baƙin ɗan banza, ka kashe bawan Allah da azumi a bakinsa!"

Ban kula shi ba. Issaka ya kawo ruwa muka shafa masa, na yaga tsohuwar rigata na ɗaure goshin. Da ya buɗe ido na sa masa wayarsa a hannu na ce, Shafik, yalla, kira Shafik, suna jiranka. Allah ya sa mutumin can bai kai ga hawa ganuwa ba tukuna, saƙon Alhaji bai isa ba. Muka zauna jira. Da kiran ya shigo, Shafik ya haɗa su, ni na riƙe wa Abul wayar.

Abin da na gani a cikin wayar nan ba zan manta ba. Wata siririyar hanyar laka, faɗinta bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba, mutane a jere a kanta da awaki da tukwane da tsofaffi a kwance. Dama ruwa, hagu ruwa, har inda ido ya tsaya. Kawunan bishiyoyi ne kawai a waje, da wani rufin kwano yana yawo shi kaɗai. Ruwan ya kwanta lumui kamar bai yi komai ba. Hoton yana tsayawa yana tafiya. An naɗe ta da zane mai fure saboda ba a samu likkafani ba. 'Yar ta durƙusa ta buɗe fuskar. Abul bai yi kuka ba. Ya matso da bakinsa kusa da wayar ya yi ta yi mata magana a hankali, irin yadda mutum ke yi wa matarsa sallahu in za ta yi tafiya. Ya daɗe. Sannan ya ɗaga murya ya kira wani dattijo a cikinsu ya ba da umarni. Daga baya Shafik ya fassara min. Da niyyarsu su haƙa gefen ganuwar su sa ta, inda duk shekara ake sara ana ɗiban ƙasa, inda ruwan gaba zai iya tafiya da ita. Abul ya ce a'a. Akwai wani tudu da mahaifinsa ya tara da hannunsa ya kafa gidansu na farko a kai, su 'yan baya ba su san da shi ba saboda ciyawa ta rufe shi. Ya ce ko duk garin ya nutse wurin nan yana waje. Suka sa ta a kwale-kwale suka je, suka tarar da shi a bushe. A can take.

Shafik ne kuma ya faɗa min sauran. Ashe Rahima ta bi maganarsa ta tafi makarantar da 'yar tun da wuri. Kalmar da na ji yana maimaitawa a waya, saniya yake cewa, kada a bar ta a ɗaure. Da iska ta ɗan lafa sai Rahima ta ce wa 'yar ta jira, za ta je ta kwance igiya ta dawo. Ta kwance kuwa. A lokacin ganuwar ta fashe. Saniyar ta yi iyo ta fita, an same ta a kan tudu tana tuƙa.

Kada ku zaci Abul ya gode min. Bai gode ba. Bayan Sallah ya yi musayar gado da wani ya koma can ƙarshen ɗaki, in muka haɗu a ƙofa ya sunkuyar da kai. Ban yi mamaki ba, ban kuma ji haushinsa ba. Wanda ya kawo maka irin wannan labari, fuskarsa ta zama labarin. Da jirage suka fara tashi ya tattara ya tafi gaba ɗaya, ko da yake ya san ba abin da zai tarar. Gishiri ya kashe gonar, kifin tafkin sun mutu, ya ce sai an yi damina da yawa kafin ƙasar ta sake karɓar shinkafa. Ranar tafiyarsa ya bi kowa ya yi musabaha. Da ya zo kaina ya riƙe hannuna ya ɗan jima, sannan ya saki ya wuce.

Wanda bai yi shiru ba shi ne Alhaji. A wurinsa ba maganar Abul ba ce, maganar na ƙetare umarninsa ce a gaban yara. Ya aika saƙon murya gida, daga gwaggo ya wuce wurin babarku, daga nan ya zaga dangi, cewa Haladu zuciyarsa dutse ce, ya jefa wa mai azumi mutuwar matarsa kamar an jefa wa kare ƙashi, har mutumin ya kusa binta. Bai faɗi maganar tudu ba. A ɗaki aka daina kirana cin tuwo in an haɗa na Juma'a. In na shigo ana hira sai a ce, a yi shiru ga gidan rediyo. Da gasar ta matso aka kwashe mu daga Najma don a ba baƙi wuri, Alhaji ne ya rubuta waɗanda za su kula da ciyawar filayen wasa, da riga mai kyau da kati a wuya. Ni ya tura ni gonar Umm Salal ɗiban taki. Kun yi ta damuna in turo muku hotona a filin ƙwallo, na yi ta ce muku waya ta lalace. Ba ta lalace ba. Duniya kaf ta zo garin, ni ihun 'yan kallo ma a wayar wani direba nake ji, da shebur a hannuna.

Ana tsakiyar gasar, wata rana bayan azahar, ina cika buhuna sai ga motar kamfani ta tsaya a bakin rumfar taki. Alhaji ya fito shi kaɗai, da katinsa a wuya. Rabon da ya yi min magana wadda ba ta aiki ba tun ranar da Abul ya faɗi. Ya tsaya yana duban tsiron itatuwa kamar su ya zo gani. Ya yi min sannu da aiki, na amsa.

"Nasiru ne ba lafiya," in ji shi. Babban ɗansa, wanda kai Sadiku har ka ɗauki makararsa. "Kullum na kira sai su ce da sauƙi. In na ce a ba shi waya, su ce yana barci. Jiya na ji muryar mata da yawa a tsakar gidan."

Na jingine shebur.

"Na tambayi yaran ɗaki, kowa ya ce shi bai ji komai ba, kuma ba mai haɗa ido da ni." Ya share bakinsa da hannu. "Ka kira babar su Sadiku. Kai ba za ta yi maka ƙarya ba. Abin da ta faɗa, ka faɗa min yadda ta faɗa."

Na goge hannuna a wando na kira. Babarku ta ɗauka, na ce mata Alhaji na tsaye a gabana, gaskiya nake so. Ta yi ta kwana-kwana, ta ce an roƙe su kada a faɗa sai ya gama aikin gasa ya dawo. Na ce na ji, yaushe ne. Ta ce shekaranjiya da yamma ya rasu, jiya da safe aka kai shi. Na kashe wayar. Alhaji yana kallon bakina. Na faɗa masa yadda ta faɗa, ban ƙara ba, ban rage ba. Ya nemi buhun taki ya zauna a kai da farar rigarsa, na zauna a na kusa da shi, muka yi ta zama har aka kira la'asar.

Babarku tana da rai, ku tambaye ta. Shi kuwa Alhaji har yau bai janye maganar da ya aiko muku a kaina ba, ni ma ban roƙe shi ba.